Bana Ba A Samu Gurbi Ba: Ina Ɗan Maiduguri Zai Kai Shekararsa?

Da zarar damina ta fara ja da baya, shagunan kwamfuta na titin Bama, daura da Jami'ar Maiduguri, ba sa rabuwa da samari da 'yan mata masu riƙe da 'yar takarda a hannu. Lambar rajistar JAMB ce a jiki. Yaro ya miƙa wa mai shago, ya tsaya a bayansa yana leƙen fuskar kwamfuta, janareta na ta ruri a waje. Shafin CAPS, inda JAMB ke nuna wanda ya samu gurbi, ya buɗe, a duba sama a duba ƙasa, ba komai. Mai shago ya ce, "Ƙanena, ka dawo mako mai zuwa, an ce za a saki suna na biyu." Yaro ya biya kuɗin dubawa, ya tari Keke Napep ya koma Gwange ko Bulumkutu. Mako mai zuwan ya zo ya wuce, na bayansa ma haka. Ranar da ya yi kiciɓis da abokan ajinsa a Monday Market suna cinikin katifa da bokiti da risho, ranar yake tabbatar wa kansa cewa bana ta wuce shi.

A gida ba kasafai ake yi masa faɗa ba. Abin da ya fi faɗa ciwo shi ne tambayar baƙi. Goggo ta zo gaisuwa, ta dube shi da fara'a ta ce, "Ɗana, yanzu wace makaranta kake?" Ya sunkuyar da kai: "Muna dai jira, Goggo." Uwa tana ji daga madafa, uba yana ji daga zaure, kowa ya yi gum. Daga wannan shirun ne maganar ƙetare take tsirowa. Wani kawu ya ce ɗan abokinsa yana Masar. Wani maƙwabci ya kawo lambar wayar ejan da ke fitar da yara Indiya ko Cyprus ko Kwatano. Kafin a ankara, an fara tambayar dillalai nawa filin nan na bayan gari zai yi.

Fita waje ba laifi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Borno. Amma tafiya iri biyu ce. Akwai wadda ake yi don a ɗebo wani abu da aka san sunansa, irinta ce ta raini malaman wannan daula. Akwai kuma wadda ake yi don kawai a sami amsar da za a ba Goggo, wannan kuwa filaye take ci da gwala-gwalan iyaye mata, kuma sau da yawa abin da take dawowa da shi kwali ne da ba a karɓa a ko'ina.

Ya kamata a fara sanin cewa yaron nan ba shi kaɗai ba ne, kuma ba lallai daƙiƙi ne ba. A 2025 kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarabawar JAMB a faɗin Najeriya, sama da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A watan Mayu na shekarar, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarabawa. Ko wanda ya ci maki mai kyau ma bai sha ba, domin kowa likita yake so ya zama, ko lauya, ko nas, ko mai harhaɗa magunguna, alhali hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i sun ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ba ta 'yan Borno kaɗai ba ce; 'yan Yobe da Adamawa da Gombe da Bauchi da Taraba duk nan suke hanƙoron shiga. Sakamakon JAMB kuwa na shekara guda ne. Wanda ya rasa bana, baɗi sai ya sake sayen fom, ya sake dangwala yatsa, ya sake zama gaban na'ura.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Borno. Yaron da ya cika shekara 18 a 2025 yana ɗan shekara 7 a 2014, shekarar da aka rufe makarantun gwamnati a jihar, aka mayar da wasu daga cikin na Maiduguri sansanonin 'yan gudun hijira. A 2017 UNICEF ta ce fiye da rabin makarantun Borno a rufe suke, kuma daga 2009 an kashe malamai sama da 2,295 a Arewa maso Gabas. Wanda ya yi firamare a cikin wannan hali, sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ta riske shi a ajin ƙarshe na sakandare, shi ake sa wa ya kara da ɗan makarantar kuɗi na Abuja a jarabawa guda. In ya faɗi a karon farko, abin da yake buƙata shi ne a gyara masa tushe: lissafi, Turanci, da saba hannu da kwamfuta. Tikitin jirgi ba zai ba shi ko ɗaya daga ciki ba.

Masu tallar fita waje sukan kafa hujja da Turawa. Gaskiya ne, a Ingila al'ada ce yaro ya gama sakandare ya ɗauki shekara guda kafin ya shiga jami'a, ya je wata ƙasa ya yi aikin sa kai ko ƙwadago, ya buɗe ido. Yarima William ya yi haka a 2000, ya shafe makonni goma a Chile tare da ƙungiyar Raleigh International, sannan ya shiga Jami'ar St Andrews a 2001. Malia, 'yar Barack Obama, ta ɗage shiga Harvard daga 2016 zuwa 2017. Sai dai su biyun da gurbinsu a hannu suka tafi. Jami'a ta riga ta ɗauke su, ta yarda ta ajiye musu wuri. Ko wanda bai samu gurbi ba a can, fasfonsa ya ba shi damar neman bizar aiki ta matasa zuwa Ostareliya ko New Zealand ko Kanada, ya tsinki 'ya'yan itace a gona ko ya yi sabis a gidan abinci, ya ci da kansa, ya dawo da ɗan canji. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake ba wa matasansu irin wannan biza. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ga kuma halin da naira ta shiga. Kafin Yuni 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 470 ba. A 2024 ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafin kuɗin makarantar ɗansa da tsohon farashi ya wayi gari nauyin ya ninka uku. A Mayu 2024 aka ga ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila riƙe da kwalaye suna zanga-zanga, bayan an dakatar da karatunsu an ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Waɗanda gwamnatin tarayya da kanta ta tura Maroko da Aljeriya da Rasha a ƙarƙashin shirin tallafin karatu na BEA sun yi watanni ba alawus, har a 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da tsayar da shirin. In mai baitulmali ya kasa riƙe nasa ɗaliban, to ɗan kasuwar Tashan Baga, wanda cinikin bandarsa yau ya hau gobe ya sauka, ya kamata ya kwana yana nazari kafin ya sa hannu a takarda.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne a ce ɗan Borno sai an aro masa misali daga Ingila. Tun a ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabbalemi, mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira, wadda aka sani da Madrasatu Ibn Rashiƙ, saboda mahajjatansu da ɗalibansu mabiya mazhabar Malikiyya. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ambace ta, ya kuma nuna cewa suna aika mata kuɗi a kai a kai. Daga baya a cikin Azhar kanta an samu ruwaƙi, wato sashen kwanan ɗalibai, mai ɗauke da sunan Barnawa. Ke nan kafin a sallami yaro, an tanadi inda zai sauka, da wanda zai karantar da shi, da abin da zai ci.

Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ma matafiyi ne. An haife shi a wajen Murzuk ta ƙasar Fezzan a 1776, ya yi karatu a Tarabulus, ya bi mahaifinsa aikin hajji. Mahaifin ya rasu a Madina, shi kuma ya shafe kimanin shekara goma a ƙasashen gabas yana neman ilimi, sannan ya juyo ya zauna a Ngala yana karantarwa. Da Birnin Ngazargamu ya faɗi a 1808, malamin nan na Ngala aka aika a nemo. Ilimin da ya je ya ɗebo, da jama'ar da ta taru gare shi saboda ilimin, su suka tsayar da daular da ƙafafunta, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon Shehun Borno har yau.

Su kuwa Hausawa, Borno ita ce ƙetarensu. A Kano da Katsina da Zariya da Damagaram, in aka ce gardi ya tafi gabas, kowa ya san inda ya nufa: tsangayun Borno, inda ake tace tilawa, a gyara harafi, a ƙware a rubutu. Yakan tashi da allonsa da buzunsa da ɗan guzuri a jaka. Amma ya san sunan gwanin da zai je ya durƙusa gabansa, sau da yawa ma malaminsa na gida ne ya haɗa shi da saƙon gaisuwa. Ya san abin da ya je nema, ya kuma san alamar samu: ya rubuce Alƙur'ani da ka, alarammomi su duba su tabbatar. Daga nan sai ya dawo garinsu, a fara kiransa da sabon suna, yara su kewaye shi da alluna. Fatake ma haka suke, babu mai shiga Kukawa da kaya bai san fatomansa ba.

A auna wannan da hajar da ejan yake tallatawa. A Disamba 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya wallafa yadda ya sami kwalin digirin aikin jarida daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, bai taka aji ba, kuma da wannan kwalin aka tura shi bautar ƙasa. Ranar 2 ga Janairu 2024 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da 'yan Najeriya 22,000 na yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i 8 kacal aka amince da su, 5 a Benin, 3 a Togo. Wanda ya sayi kwali da gangan ya san abin da ya shuka. Abin tausayi shi ne yaron da ya zauna a aji tsakani da Allah shekara uku ko huɗu a makarantar da ba ta cikin jerin, ubansa na canjin naira zuwa sefa kowane zango, ba wanda ya taɓa ce masa ya je ma'aikatar ilimi ya tambaya ko an san da zaman makarantar.

Sudan kuwa daban take, domin a can karatu na gaske ake yi, kuma zumuncinta da Borno ya tsufa. Ta cikinta tsohuwar hanyar hajji ta ratsa, shi ya sa har yau akwai unguwanni da garuruwan Barebari da Hausawa da Fulani a gaɓar Nilu. Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht er-Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum ta yaye 'yan Arewa masu yawa. Gwamnatin Kashim Shettima ta tura 'yan matan Borno karatun likita a Khartum, suka gama suka dawo gida aiki. Amma ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Janar al-Burhan da dakarun RSF na Hamdan Dagalo, a goman ƙarshe na azumi. Aka loda ɗaliban Najeriya a manyan motoci aka nufi iyakar Masar, suka yi kwanaki a cikin sahara ana jiran izinin shiga. Sai ranar 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka Abuja, a ƙarshe aka kwaso sama da mutum 2,000. Da yawa sun baro takardun sakamakonsu a makarantun da aka rufe, suka dawo suna bin jami'o'in gida ofis-ofis suna neman wadda za ta yarda su ɗora daga inda suka tsaya. Shekara guda kafin nan, irin wannan ta faru da masu karatu a Yukren. Ba wanda zai iya hango yaƙi, amma a irin wannan rana ake ganin bambanci. Ɗalibin da gwamnatin jiharsa ta tura yana da lambar da zai kira, sunansa na cikin rajista. Wanda ejan ya tura, ejan ya riga ya karɓi la'adarsa tun ranar da jirgi ya tashi.

Tarkon da ake ɗana wa 'yan mata ya fi muni. A Oktoba 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yadda aka ja 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22 daga ƙasashen Afirka, har da Najeriya, da tallar karatu haɗe da aiki a Rasha da tikitin jirgi kyauta. Suka tsinci kansu a wata masana'anta a Alabuga, yankin Tatarstan, suna haɗa jirage marasa matuƙa da ake kai wa Yukren hari da su. Shekarun da masu tallar suka zaɓa daidai suke da shekarun yarinyar da ta duba CAPS ba ta ga sunanta ba. Arewacin Cyprus ma, tun 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, take jan kunnen iyaye a kansa saboda mace-macen ɗalibai, ga shi yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa.

Babban kuskuren da ake yi a zaure shi ne wannan: ciwon na shekara guda ne, sai a nemo masa maganin shekara huɗu ko shida da kuɗin waje. Wanda ya yi likitanci a ƙetare ma, in ya dawo sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin a ba shi lasisi, kuma ba kowa ke tsallakewa ba.

Wannan ba yana nufin a bar yaro yana zaman jiran gawon shanu ba. Fargabar iyaye tana da tushe. Kowa a Maiduguri ya san abin da majalisar bakin titi kan yi wa saurayin da ba shi da inda zai je da safe. Binciken da BBC ta yi a 2018 kan maganin tari mai kodin ya nuna wata cibiyar gyaran hali a garin nan, kuma cikin kwanaki gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. Tramol bai tafi ko'ina ba. Uban da ya ce gara ɗansa ya bar unguwa na ɗan lokaci ba wauta ya yi ba. Inda za a kai shi ne abin dubawa.

A nan Maiduguri take da abin da Kano da Kaduna ba su da shi. Borno ta yi iyaka da ƙasashe uku: Nijar, Chadi da Kamaru. Njamena ta fi Kano kusa da Maiduguri, nesa ba kusa ba; a bi Dikwa, a kai Gamboru Ngala, a tsallaka Fotokol, a isa Kusiri, gada kawai ta rage. Harsunan gwamnati a Chadi Faransanci ne da Larabci, Larabcin kasuwarsu kuwa ɗan'uwan na Shuwa ne, kuma a birnin akwai Jami'ar Sarki Faisal da ke koyarwa da Larabci. A Marwa ta Kamaru ana jin Fulatanci da Faransanci, akwai jami'a tun 2008. A Diffa ta Nijar, ɗan Maiduguri da Barbarcinsa da Hausarsa ba baƙo ba ne. Da wuya a sami gidan tsohon ɗan kasuwa a Gamboru ko Hausari ko Shehuri da ba shi da ɗan'uwa, ko suruki, ko abokin ciniki na shekara ashirin a ɗaya daga cikin garuruwan nan. Fatoman da kakanni suke nema, ga shi nan a cikin dangi.

Abin da za a je a ɗebo kuma yana da suna: harshe. Yaro ya sauka gidan kawunsa, da safe ya je ajin Faransanci, da rana ya tsaya a shago, kunnensa na shan harshen daga bakin mai saye da jandarma da yaran unguwa. Wata huɗu na irin wannan zama ya fi shekara uku na haddar kalmomi a ajin sakandare. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, amma har yau ɗan kasuwar da ke kai kaya Kusiri sai ya nemi mai karanta masa takardar kwastan. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, a Njamena take da hedikwata, haka ma rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin. Ƙungiyoyi irin su MSF suna aiki a dukkan ɓangarorin tafkin. Gaskiya ne ayyukan ƙungiyoyin agaji sun ja baya tun da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, amma cinikin kifi da shanu da wake da atamfa tsakanin ƙasashen nan huɗu ya girmi kowace ƙungiya. Akwai kuma jarabawar Faransanci ta DELF, wadda ma'aikatar ilimin Faransa ke ba da shaidarta, kuma shaidar ba ta tsufa. Alliance Française na da reshe a Maiduguri, don haka ana iya ɗora harsashi tun a gida. Wanda ya dawo da Faransanci ko Larabci a baki, ya ƙara wa kansa ƙofa a JAMB ɗin ma, domin sassan harsuna ba su da cunkoson da ke ƙofar likitanci.

Gwamnatin tarayya ta daɗe da gane wannan. A da, ɗaliban Larabci da Faransanci na jami'o'in Najeriya sukan yi shekara guda a ƙasar masu harshen kafin su kammala digiri. Da kuɗin waje ya yi wuya, sai aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da ƙauyen koyon Larabci a Ngala a 1992, a tsakiyar Larabawan Shuwa, a garin da al-Kanemi ya zauna ya karantar. Rikicin Boko Haram ya tilasta wa cibiyar ta Ngala ƙaura zuwa Maiduguri. Hukumar tallafin karatu ta jihar Borno za ta iya zama da wannan cibiya da Alliance Française, a tsara kwas na wata shida musamman don waɗanda suka rasa gurbi, a haɗa musu da darasin lissafi da Turanci da atisayen kwamfuta. Kuɗin da ake kashewa kan ɗalibi ɗaya a ƙetare zai zaunar da yara da dama a irin wannan aji.

Sai dai kada a ɓoye wa kowa: hanya ba ta gama lafawa ba. Gamboru Ngala ta ga mummunan hari a Mayu 2014, kuma har yanzu akan ji labarin nakiya ta tashi da mota a hanyoyin yankin. Direbobin tasha sun san ranar da ake tafiya da rakiyar sojoji da ranar da ake haƙura. Akwai lokacin da amsar da ta dace ita ce a'a, kuma babu wani Faransanci da ya kai ran yaro. Haka kuma lokacin ba shi da yawan da ake zato. Rajistar JAMB takan kama tsakanin Janairu da Maris, sai da lambar NIN da dangwala yatsa, jarabawa kuma a Afrilu ko Mayu. Ke nan abin da ke hannu shi ne watannin da ke tsakanin Oktoba da Janairu, sai kuma 'yan watannin bayan jarabawa kafin tantancewa. Wanda ya tafi bai ɗauki littattafan jarabawa a jakarsa ba, ya ƙara wa kansa shekara ta biyu.

Ita 'ya mace, shekarar zaman gida takan zo mata da wani salo. Kafin fom ya sake fitowa, masu sallama sun yi yawa a ƙofar gida. Aure alheri ne, amma bai kamata rashin suna a CAPS ya zama shi ya yanke wa yarinya ranar ajiye biro ba. In akwai goggo ko inna a Marwa ko Njamena da za ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, tafiya mai yiwuwa ce. In babu, kwalejin nas da ungozoma na nan cikin gari, kuma asibitocin ƙananan hukumomi na kukan ƙarancin ma'aikata mata.

Mafi yawan gidajen Maiduguri ba su da ko kuɗin canjin sefa, balle dala. Su ma ba a rufe musu ƙofa ba, kuma misalin ba nesa yake ba. Farfesa Babagana Umara Zulum, wanda ya zama gwamnan Borno, bai shiga jami'a kai tsaye daga sakandare ba. Ramat Polytechnic ya fara, ya yi difloma a fannin noman rani a 1988, daga nan ya wuce Jami'ar Maiduguri ya gama digiri a 1994, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin shekarun da ya yi yana tuƙa tasi don ya biya kuɗin makaranta. A 2011 ya dawo Ramat ɗin a matsayin shugabanta. Hanyar da ya bi tana nan: difloma ko NCE ko IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, sannan a shiga jami'a daga aji biyu. Ga Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim, ga Kwalejin Shari'a ta Mohammed Goni, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2016. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayu 2024 ba shi da ruwa, kuma ɗaliban makarantun gwamnati na cikin gida ake ba. Wanda ya tsallaka iyaka neman digiri ya bar shi a baya. Da rana kuma ga Kasuwar Jagwal da masu gyaran waya, ga masu haɗa sola da kasuwarsu ta buɗe tun da aka tarwatsa turakun lantarki na hanyar Damaturu a Janairu 2021 garin ya daɗe a duhu, ga 'yan Bama masu ɗinkin hula a ƙarƙashin kowace dalbejiya.

A gidan da aka fara lissafin sayar da fili, akwai kiran da ya kamata a yi kafin a danna lambar ejan. Baba ya ɗauki waya bayan isha'i, ya kira ƙanensa ko tsohon abokin cinikinsa na Kusiri. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ya ce, "Alhaji, yaron nan naka bana Allah bai nufa ba. Akwai makarantar Faransanci kusa da kai? Nawa suke karɓa a wata? Yaya labarin hanya a 'yan kwanakin nan? In ta yi kyau zan turo maka shi, da safe makaranta, da rana ya tsaya maka a shago, da dare ka sa ido ya buɗe littafinsa. Amma ina son ganinsa a gida kafin ƙarshen Janairu, lokacin za a fara sayar da fom."